Farar Ƙwaya a Allon 4K: Nazarin Jayayyar LG da Samsung Kan Ƙirga Ɗigon Hoto

A shekarar 2015 kamfanin LG na Koriya ta Kudu ya shigo kasuwa da wasu akwatunan talabijin masu sauƙin kuɗi, irin su UF6400 da UF6800, waɗanda aka buga wa tambarin 4K (wato allo mai ɗigon hoto 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye) a kwali kamar sauran takwarorinsu. Wanda ya tsaya a shago yana kallonsu daga nesa ba zai ga abin zargi ba, domin hoton yana da haske, launuka kuma suna nan yadda aka saba. Sai da masu gwajin kayan lantarki suka kanga gilashin ƙara girma a jikin allon sannan suka ga abin da ba a rubuta a kwali ba: bayan ja da kore da shuɗi, akwai wata ƙwaya ta huɗu, fara sol, tana maimaituwa a kowane layi. A kan wannan farar ƙwaya ce manyan kamfanonin talabijin biyu na duniya a lokacin, Samsung da LG, suka shiga jayayyar da ta kai su gaban kwamitin masana awon allo, kuma bayan shekara huɗu ta sake dawowa da wata fuskar, kowannensu yana riƙe da hujjar da abokin hamayyarsa ya riƙe a karon farko.

Yadda ake saƙa hoto a allo

Wanda ya hango hular ƙube a kan mutum zane yake gani, amma wanda ya karɓe ta a hannu yana iya ƙirga sukar allura ɗaya bayan ɗaya. Haka hoton talabijin yake. An gina shi ne da ɗige-ɗige masu yawan gaske, waɗanda ake kira fiksel, kuma kowane ɗigo a tsarin da aka saba yana ɗauke da ƙwayoyi uku a jere: ja, kore da shuɗi. Idan ukun suka haska tare ido ya ga fari, idan suka mutu ya ga baƙi, sauran launuka kuma daga bambancin ƙarfinsu suke fitowa.

Kowace fasahar allo tana da irin saƙarta, kuma kowace tana barin alamar da mai matsowa kusa zai gane. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana zana hoto ne layi-layi, 625 a tsarin watsa talabijin na PAL, waɗanda 576 daga ciki ne ke ɗauke da hoton, shi ya sa ake hango duhu siriri a tsakanin layukan idan allon ya yi girma. Trinitron na Sony, wanda ya fito a 1968, ya sauya farantin ƙananan ramukan da ke bayan gilashin allon da dogayen wayoyi a tsaye, sai hoton ya ƙara haske, amma a kan farin fili akan ga siririn zare ɗaya ko biyu a kwance, wato wayar da ke riƙe sauran don kada su yi rawa. Filasma kuwa ƙananan ɗakuna ne na iskar gas da bango a tsakaninsu, kuma wahalar ƙanƙanta ɗakunan tana cikin dalilan da suka hana ta shiga gasar 4K ta cikin gida, har Panasonic da Samsung da LG suka fita daga harkarta a 2014. Sunan dai ya tsira a bakin mutane, domin har yau a kasuwanninmu duk talabijin shafaffiya filasma ake ce mata, alhali kusan dukkansu LCD ne.

A kan LCD ɗin lamarin nan ya faru, don haka ya kamata a fahimci rauninsa. Ƙwayoyin LCD ba su samar da haske da kansu. Akwai fitila a bayan allon, ƙwayoyin kuma tagogi ne da ke buɗewa da rufewa, kowace da matatar launi a gabanta. Matatar ja tana barin ja ne kawai ya wuce ta shanye saura, haka ta kore, haka ta shuɗi, ta yadda kusan kashi biyu cikin uku na hasken da ya iso matatun yake mutuwa a nan. Idan aka haɗa da abin da sauran shimfiɗun allon da wayoyin da ke zagaye da kowace ƙwaya suke tarewa, abin da ke isa idon mai kallo bai kai kashi 10 cikin 100 na hasken fitilar ba. Da aka tashi daga 1920 × 1080 zuwa 3840 × 2160 matsalar ta ƙaru, domin an ninka yawan tagogin sau huɗu a fili guda, kowace taga ta ƙanƙance, amma bangon da ke zagaye da ita bai ƙanƙance daidai da ita ba. Dole a ƙara ƙarfin fitila, ƙarin fitila kuma ƙarin kuɗi ne wurin ƙerawa da ƙarin cin wuta a gidan mai saye.

Maganin da LG Display, reshen da ke ƙera wa LG alluna, ya kawo shi ne tsarin da ya sa wa suna M+. Dabarar ita ce a bar wasu tagogi babu matata, haske ya wuce su kai tsaye. Kamfanin ya ce hakan na iya ƙara haske da kusan rabi, ko kuma ya rage cin wuta da kusan kashi 35 cikin 100 idan aka bar hasken yadda yake. Wannan riba ce ta gaske, kuma duk wanda talabijin ɗinsa ke aiki da janareta ko batirin sola ya san darajarta fiye da mutumin da bai taɓa ganin an ɗauke wuta ba.

Lissafin da ya haddasa rikici

A allon 4K na asali, kowane layi yana da ɗigo 3,840, kowane ɗigo da ƙwaya uku, jimla ƙwayoyi 11,520. Layukan 2,160 ne, saboda haka allon yana da ɗigo 8,294,400 da ƙwayoyi 24,883,200. LG bai ƙara yawan ƙwayoyin ba lokacin da ya shigo da fara. Adadin yana nan 11,520 a layi, sai dai yanzu launi huɗu ne ke raba su: ja, kore, shuɗi, fari, sannan a sake. Ke nan ja ya sauko daga 3,840 zuwa 2,880, kore da shuɗi ma haka, farare 2,880 suka maye gurbin abin da aka cire.

Duk da haka LG ya ci gaba da yanka jerin uku-uku yana kiran kowane yanki ɗigo guda. Idan aka bi jerin za a ga ɗigo na farko ja, kore, shuɗi ne. Na biyu fari, ja, kore. Na uku shuɗi, fari, ja. Na huɗu kore, shuɗi, fari. Ɗaya ne kacal cikin huɗu yake da launukan tushe ukun a cikinsa. Sauran ukun kowanne ya rasa guda, kuma idan hoto ya buƙaci launin da ya rasa sai ya ara daga maƙwabcinsa na gefe ko na layin sama da ƙasa, wanda shi ne dalilin da ya sa ake gusar da jerin daga layi zuwa layi don kada fararen su tsaya a sahu ɗaya. Injin sarrafa hoto na cikin talabijin shi ke yin wannan rabon aron a kowane lokaci.

Hujjar Samsung ta tsaya a kan ma'anar ɗigo. A ganinsa, ɗigo ba ya zama ɗigo sai yana iya fitar da kowane launi da kansa, kuma idan haka ne allon M+ cikakkun rukunoni 2,880 yake da su a layi ba 3,840 ba. Daga nan masu suka suka riƙa kiransa 3K, wasu ma 2.8K. Hujjar LG kuwa ta tsaya a kan abin da ƙa'idar awo ta tanada a lokacin, wato ana auna kaifin allo ne da yawan layukan fari da baƙi da yake iya nunawa a rarrabe, ba da ƙirga ƙwayoyin launi ba. A nan LG yana da abin riƙewa, domin kowane ɗaya daga cikin rukunonin huɗu yana iya fitar da farin haske: na farko ta haɗa launuka uku, sauran ta farar ƙwayarsu. Ya kuma nuna takardun shaida daga cibiyoyin gwaji masu zaman kansu. Ma'anar da ƙungiyar masu kayan lantarki ta Amurka, CEA, ta bayar ga irin wannan allo a watan Oktoba na 2012 ta nemi aƙalla ɗigo miliyan 8, da 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, kuma rikicin gaba ɗaya a kan abin da kalmar ɗigo take nufi ne.

Akwai wani abu da ya raunana matsayin Samsung a idon masana, ko da yake bai rushe hujjarsa ba. Samsung ne ya sayi fasahar PenTile daga kamfanin Clairvoyante a 2008, fasahar da gaba ɗayanta a kan rabon ƙwayoyi tsakanin maƙwabtan ɗige-ɗige aka gina ta. Wayar Galaxy S ta 2010 ƙwaya biyu take da su a kowane ɗigo maimakon uku, kuma kwamfutar hannu ta Galaxy Note 10.1 samfurin 2014 tana da farar ƙwaya a allonta. Amsar da za a iya bayarwa ita ce ɗige-ɗigen waya sun fi na talabijin ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Amma wannan amsar ita kanta ikirari ce cewa abin lura shi ne abin da ido ke iya rarrabewa, wanda shi ne tushen maganar LG.

Hukuncin San Faransisko

Kwamitin da ke tsara hanyoyin awon allo a duniya shi ne ICDM, wanda ke ƙarƙashin ƙungiyar masana allo ta SID, kuma kundinsa, IDMS, shi masana'antar ke komawa gare shi. Gwajin da ya tanada yana da sauƙin fahimta. A nuna wa allo layuka a jere, fari ɗaya baƙi ɗaya, kowanne faɗin ɗigo guda, a auna hasken fari da hasken baƙi, a cire na biyu daga na farko, sannan a raba da jimlarsu. Sakamakon shi ake taƙaitawa da CM. Idan farin layi ya ba da 100 baƙin ya ba da 5, an sami kusan kashi 90 cikin 100. Idan fari ya zubo cikin baƙi har suka zama 75 da 25, an sami kashi 50. Kundin ya ɗauki kashi 50 a matsayin iyaka ga rubutu, kashi 25 kuma ga hotuna.

A watan Mayu na 2016 kwamitin ya zauna a San Faransisko, ya yanke cewa ambaton yawan layuka kaɗai bai wadatar ba, sai an haɗa da adadin CM da aka samu. Bai ce allon M+ ba 4K ba ne. Saboda haka LG ya ce an tabbatar da matsayinsa. Samsung shi ma ya ce ya yi nasara, yana mai cewa alluna masu ƙwaya uku suna ba da kusan kashi 95, masu farar ƙwaya kuma kusan kashi 60, kuma yanzu mai saye zai iya ganin tazarar. LG ya ci gaba da sayar da irin wannan allo a jerin UH6100 na 2016 da UJ6300 na 2017, kuma ba al'ada ba ce a ga adadin CM a kwalin talabijin ko a takardar farashi a shago.

A ganina hukuncin ya auna inda lamarin bai fi ciwo ba. Gwajin fari da baƙi shi ne filin da farar ƙwaya ta fi ƙarfi a cikinsa. Inda take da rauni shi ne launi. A ɗauki jan zare siriri mai faɗin ɗigo guda a tsaye: duk inda ya faɗo a kan rukuni na huɗu, mai kore da shuɗi da fari, babu jan da zai haska a wurin, sai an karkata gefe an aro. Sakamakon shi ne zaren ya fito da haƙora-haƙora ko ya yi kauri ya dushe. Gwajin da aka amince da shi bai tambayi allon wannan tambayar ba.

Abin da ido yake gani a zahiri

Nan ne wurin da ya kamata a yi adalci ga ɓangarorin biyu, domin girman aibin ya dogara da abu uku: nisan mai kallo, irin abin da yake kallo, da launin da ke cikinsa.

Lafiyayyen ido a ma'aunin likitoci yana rarrabe abubuwa biyu idan tazarar da ke tsakaninsu ta kai kashi ɗaya cikin 60 na digiri a kusurwar gani. Talabijin mai inci 55 faɗinta kusan santimita 122 ne. Idan 4K ce, kowane ɗigo bai wuce milimita 0.32 ba, kuma ido yana daina rarrabe shi daga nisan mita 1.1. Idan aka yi lissafi da rukunoni 2,880, faɗin ya zama milimita 0.42, nisan kuma kusan mita ɗaya da rabi. Allo mai 1920 × 1080 na wannan girman sai an ja baya fiye da mita 2 kafin saƙarsa ta ɓace. Ma'ana, mutumin da ke zaune a kujerar falo mita uku daga bango ba zai iya ƙirga bambancin 2,880 da 3,840 da idonsa ba, kuma da wuya ma ya bambance su da allon da ba 4K ba ta fuskar kaifi kaɗai. A gidan kallon ƙwallo, na bencin gaba ne ke ganin saƙar allo, na baya wasa kawai yake gani.

Abu na biyu ya fi wannan ba da mamaki ga wanda bai san shi ba. Bidiyon da ake kallo, daga tauraron ɗan'adam ne ko intanet ko faifai, ba ya zuwa da cikakken bayanin launi. An daɗe da sanin cewa ido ya fi kaifi ga haske da duhu fiye da launi, kuma mafi yawan abin da yake ji a matsayin haske daga kore yake zuwa: kusan kashi 72 cikin 100 a ƙa'idar bidiyon HD (mai 1920 × 1080), ja 21, shuɗi 7 kacal. Saboda haka ake matse bidiyo da tsarin 4:2:0, inda ake ajiye bayanin haske na kowane ɗigo amma ɗige-ɗige huɗu su raba bayanin launi guda. Fim ɗin 4K haskensa 3840 × 2160 ne, amma launinsa 1920 × 1080 ne. Allon da ke da jajayen ƙwayoyi 2,880 a layi ya fi ƙarfin wannan. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ke gefen LG, kuma ita ce ta sa mutane da yawa suka yi shekaru da irin wannan talabijin ba su taɓa lura da komai ba.

Labarin yana sauyawa da zarar an jona kwamfuta. Kwamfuta tana aiko da cikakken launi ga kowane ɗigo, ƙananan haruffa kuma layuka ne masu faɗin ɗigo ɗaya ko biyu, mai aiki da ita kuma kusa yake zama. A nan masu gwaji suka riƙa ganin gefen haruffa a tsattsage, musamman rubutu mai launi a kan baƙin fili, da wani ɗige-ɗige mai kama da raga a kan fili mai launi ɗaya. Dalilin ragar a fili yake: idan allon zai nuna ja tsantsa, ƙwaya ɗaya ce cikin huɗu take haskawa maimakon ɗaya cikin uku, duhun da ke tsakani ya ƙaru.

Abu na uku ba ya ɓacewa da nisa, kuma shi ne na fi ɗauka da muhimmanci. A allo mai ƙwaya uku, hasken fari jimlar hasken ja da kore da shuɗi ne, don haka launuka suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da fari. A allo mai farar ƙwaya, fari yana samun ƙari daga tagar da ba ta da matata, amma ja tsantsa ko shuɗi tsantsa ba su da rabo a wannan ƙarin, ƙwayoyinsu ma an rage. Idan hoto ya haɗa farar riga da jar hula a cikin rana, injin yana da zaɓi biyu: ya bar jan ya yi duhu a gefen farin, ko ya tsarma shi da fari ya yi haske amma ya koɗe. A shago, inda ake kunna talabijin a iyakar haskenta a ƙarƙashin fitilu, farin mai ƙarfi shi ke jan ido. Koɗewar launin sai an ajiye ta kusa da wata sannan take bayyana.

Wajibi ne a raba wannan lamari da allunan OLED na LG, waɗanda ƙwayoyinsu ke samar da haske da kansu, domin su ma suna da farar ƙwaya kuma mutane kan haɗa su. A OLED ɗin talabijin na LG kowane ɗigo yana da ƙwayoyi huɗu cikakku, wato 15,360 a layin 4K. An ƙara fara ne ba tare da an cire komai ba, saboda haka babu maganar aro daga maƙwabci. Batun koɗewar launi a wurare masu tsananin haske yana nan a can ma, amma batun ƙirga babu shi. Laifin M+ a wurina ba amfani da fari ba ne. Ciniki ne mai ma'ana: a rage kaifin launi kaɗan a sami haske da sauƙin wuta da sauƙin farashi. Laifin shi ne mai saye bai san an yi cinikin a madadinsa ba, domin tambarin da ke kwalin iri ɗaya ne da na allon da ba a rage wa komai ba.

Shekarar 2019, da hujjoji suka sauya hannu

A bikin baje kolin IFA na birnin Berlin na Jamus a watan Satumba na 2019, LG ne ya ɗauko ma'aunin CM ya nufi Samsung da shi. A wannan karon maganar 8K ake yi, wato 7680 × 4320, ɗigo 33,177,600. LG ya ajiye talabijin ɗinsa mai inci 75 kusa da ta abokin hamayyarsa, ya ce tasa ta ba da kashi 90, ɗayar kuma kashi 12. Kashi 12 yana nufin idan farin layi ya ba da 56, baƙin yana ba da 44, wato layukan sun kusa narkewa su zama toka-toka. Babu wanda ya yi musun cewa allon Samsung yana da cikakkun ɗige-ɗigensa, kowanne da ja da kore da shuɗi. Masu nazari sun danganta faɗuwar adadin da hanyar da Samsung ya bi don faɗaɗa kusurwar kallo. Allunansa nau'in LCD ne da ake kira VA, masu baƙi mai zurfi amma launinsu na gushewa idan aka kalle su daga gefe, don haka aka ƙara shimfiɗar da ke baza haske hagu da dama, hasken da aka baza kuwa yana shiga gonar maƙwabci.

Ranar 17 ga Satumba kamfanonin biyu suka kira 'yan jarida a birnin Seoul, LG da safe, Samsung da rana. Samsung, wanda a 2016 ya yi murna da tilasta bayyana CM, yanzu ya ce ma'aunin tsoho ne da ya samo asali tun 1927, kuma ingancin hoto ya haɗa da haske da launi da sarrafa sigina, ba layukan fari da baƙi kaɗai ba. LG, wanda a 2016 ya tsira da kashi 60, yanzu ya tsaya a kan cewa duk allon da bai kai 50 ba bai cancanci sunansa ba. A cikin wannan watan ƙungiyar CTA, wato tsohuwar CEA, ta fitar da sharuɗɗan tambarinta na 8K, ta sa CM na aƙalla kashi 50 a ciki, tambarin kuma ya fara aiki a watan Janairu na 2020. Samsung ya gyara samfuransa na 2020 suka cika sharaɗin. Ƙorafe-ƙorafen da kamfanonin suka kai wa hukumar kula da adalcin ciniki ta Koriya ta Kudu a kan tallace-tallacen juna, sun janye su a watan Yuni na 2020.

Idan aka ajiye zagayen biyu kusa da juna, kowane allo ya ci jarrabawa ɗaya ya faɗi ɗaya. Na LG a 2015 ya rarrabe fari da baƙi amma ƙwayoyin launinsa ba su cika ba. Na Samsung a 2019 ƙwayoyinsa sun cika amma haskensu ya cuɗanya. Kuma lissafin nisa bai bar zagaye na biyu ba: ɗigon allon 8K mai inci 75 bai wuce milimita 0.22 ba, ido kuma yana daina rarrabe shi daga kusan santimita 75. Mai zama a gefen falo ya fi amfana da faɗin kusurwar kallo fiye da kaifin da ba zai gani ba sai ya kusa manna fuska da allon, kamar yadda mai batirin sola ya fi amfana da sauƙin wutar M+. A dukkan lokutan biyu injiniyoyin sun yi zaɓin da za a iya karewa, kuma a dukkansu ba a rubuta zaɓin a inda mai saye zai karanta ba.

Batun tsarin ƙwayoyi ya sake tasowa a 2022, lokacin da allunan QD-OLED, wani sabon nau'in OLED, suka fito a Samsung S95B da Sony A95K. Ƙwayoyinsu uku ne cikakku, babu fara, amma ba a jere suke ba: kore yana sama, ja da shuɗi suna ƙasa, kamar duwatsun murhu. A fim ba a cika lura ba. A rubutun kwamfuta kuwa, wanda manhajar Windows ke gyara gefensa bisa zaton cewa ƙwayoyin a jere suke, akan ga siririn kore a saman farin abu da shunayya a ƙasansa.

Wanda yake so ya san irin saƙar da ke allonsa yana iya dubawa da kansa. Ya buɗe farin shafi a talabijin, ya matso da kyamarar waya ko gilashin ƙara girma har ƙwayoyin su rarrabu, sannan ya bi layi ɗaya da ido. Idan ja, kore da shuɗi ne ke maimaituwa, kuma kowane launi ya tsaya a sahu ɗaya daga sama zuwa ƙasa, tsarin asali ne. Idan allon LCD ne mai 4K kuma bayan kowane shuɗi akwai fara, layin ƙasa kuma ya gusa daga na sama, to ƙwayoyin kowane launi 2,880 ne a layin.